Taswirar tsagar ƙasa: Abin da Turkiyya ta sani kafin girgizar 2023

Girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.8 da ta afka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023 ta kashe mutum sama da 50,000. Amma tsagar da ta haddasa ta, wato Tsagar Gabashin Anatoliya, ba baƙuwa ba ce ga masana. Hukumar binciken ma'adinai ta ƙasar, MTA, ta riga ta zana ta a taswirar tsagogi masu motsi kimanin shekara goma kafin bala'in.

Tsaga ita ce layin da manyan faya-fayan dutse na ƙarƙashin ƙasa suke gugar juna. A nan faifan Larabawa ne ke tunkuɗar na Anatoliya. Gano inda take shi ne mai sauƙi, domin hotunan tauraron ɗan Adam kan nuna rafin da ya karkace ko tudun da ya rabe biyu. Aiki mai wuya shi ne sanin yaushe ta yi motsi na ƙarshe. Don haka masana kan haƙa dogon rami ya ratsa tsagar, su duba shimfiɗun ƙasa a bangonsa. Shimfiɗar da ta karye ta girmi girgizar, wadda ta kwanta a kanta lafiya lau kuwa bayanta ta zo. Sai a tsinci gawayi a cikin kowacce, a auna shekarunsa da sinadarin kabon-14. Girgizar tana tsakanin lokutan biyu.

Wannan lissafi yana iya zama doka. Bayan girgizar San Fernando ta 1971, jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa dokar Alquist-Priolo a 1972, wadda ta hana gina mazauni a kan tsagar da ta motsa cikin kimanin shekara 11,000 da suka wuce. Shekarun sun yi wa ɗan Adam yawa, amma a wajen dutse jiya ne.

Ita ma Turkiyya tana da dokokin gini, waɗanda ta tsaurara bayan girgizar Izmit ta 1999. Wajen aiwatarwa ne gizo ke saƙar. A 2018, gab da babban zaɓe, gwamnati ta yi afuwa ga gine-ginen da aka yi ba bisa ƙa'ida ba: mai gida ya biya kuɗi, a yi masa rajista. Filin jirgin saman Hatay kuwa, a kan busasshen tafkin Amik aka gina shi, kuma a ranar girgizar titin saukar jiragensa ya dare, aka rufe shi kwanaki a daidai lokacin da ake neman hanyar shigo da masu ceto.