Shekarun Mace da Ƙwan Haihuwa: Yaushe Ya Kamata A Ga Likita?

Namiji yakan ci gaba da samar da sabon maniyyi har tsufansa, amma ita mace da guzurinta take zuwa duniya. Ana haihuwar jaririya da ƙwai tsakanin miliyan 1 zuwa 2 a ma'ajiyar ƙwanta, kuma ba a ƙara mata ko ɗaya. Kafin ta balaga sun ragu zuwa kimanin 300,000 ko ɗan fiye. A shekara 37 saura wajen 25,000, sa'annan idan haila ta ɗauke, galibi a wajen shekara 50, abin da ya rage bai fi 1,000 ba.

Ba yawan ne kaɗai ke raguwa ba, har da ingancin. Ƙwan da ya daɗe yakan yi kuskure wajen rabon ƙwayoyin halitta, shi ya sa ɓari ke yawaita ga mace mai shekaru, haka kuma haihuwar yaro mai lalurar galahanga. Masana sun ƙiyasta cewa lafiyayyar mace 'yar shekara 30 na da damar ɗaukar ciki kusan kashi 20 cikin 100 a kowane wata. A shekara 40, damar ba ta kai kashi 5 sosai ba. Zuwan al'ada a kan kari ba ya nuna cewa ƙwan na nan da ƙarfinsa, kuma nan ne da yawa ke ruɗuwa.

Ƙa'idar likitocin mata ita ce: wadda ba ta kai 35 ba, a duba ta bayan shekara guda ana saduwa ba tsarin iyali kuma ba ciki. Daga 35, wata 6 ya isa. Wadda ta haura 40 kuwa, ko mai rikicin al'ada, ko wadda ta taɓa ciwon sanyi, ba sai ta jira ba. A ƙasar Hausa, inda akan yi aure da wuri, matsalar takan zo ne bayan haihuwar fari, domin cutar da ta biyo bayan haihuwa ko ɓari na iya toshe hanyoyin ƙwai. Shekarun da ake ɓatawa wajen jiƙe-jiƙe kuwa daga cikin guzurin nan suke fita.

A asibiti akan auna jini, a ɗauki hoton mahaifa da hanyoyinta. Gwajin maniyyin miji ya fi sauƙi da arha, kuma tun farko ake yin sa, tun da a kusan rabin ma'auratan da ke fama, akwai hannun ɓangaren namiji.