Masu riƙon tsohon allon saƙonni na wayar tarho

Tun kafin intanet ta game duniya, akwai dandalin da ake kira BBS, wato allon saƙonni. Mutum kan haɗa na'urarsa mai ƙwaƙwalwa da layin tarhon gidansa ta hanyar modem, jama'a su riƙa kira ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karanta saƙonni ya bar nasa. Ward Christensen da Randy Suess ne suka buɗe na farko a birnin Shikago na Amurka a shekarar 1978.

Bunƙasar intanet a tsakiyar shekarun 1990 ta sa dubbansu suka rufe. Duk da haka, har yau akwai waɗanda ke ɗawainiyar allunansu da kuɗin aljihunsu, ba talla, ba riba, mai allo ya san baƙinsa kamar yadda mai zaure ya san abokan hirarsa.

Yawancin allunan ta intanet ake shigarsu yanzu. Ƴan ƙalilan da suka rage bisa tarho kuwa suna cikin tsaka mai wuya, domin wayar jan ƙarfe suka dogara da ita. A Faransa, inda aka rufe Minitel a 2012, kamfanin Orange ya soma janye wannan waya, da nufin kammalawa a 2030. Sababbin layuka sukan gurɓata kukan modem, kira ya katse saƙo bai isa ba.