Magani ga manya masu larurar rashin natsuwa: abin da alƙaluman Suwidin suka nuna

A shekarar 1937, wani likita mai suna Charles Bradley da ke aiki a asibitin yara a jihar Rhode Island ta Amurka ya ba wasu yara maganin Benzedrine don ya rage musu ciwon kai. Ciwon kan bai sauka ba, amma malamansu suka ga abin mamaki: yaran da ba sa iya zama wuri ɗaya sun natsu, sun duƙufa kan karatu. Daga nan aka fara gane cewa maganin da ke zaburar da ƙwaƙwalwa yana iya kwantar da mai larurar rashin natsuwa da ƙiriniya, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da ADHD.

An daɗe ana ɗaukar larurar a matsayin ta yara, wai girma zai raba su da ita. Yanzu an san tana bin mutane da yawa har girmansu, kuma ana ƙiyasta cewa manya biyu zuwa uku cikin ɗari suna fama da ita. Babba ba ya hawa tebur, ƙiriniyar ciki take komawa. Zai fara aiki biyar bai kammala ɗaya ba, ya manta alkawari, ya tsinke wa mutane magana, ya yanke hukunci da garaje. Sai a ce shiririta ce, ko rawar kai, ko ba shi da kan gado. Shi kansa yakan yarda da haka, ya yi ta zargin kansa shekara da shekaru.

Magungunan da aka fi amfani da su, wato methylphenidate da aka sani da Ritalin da kuma dangin amfetamin, suna ƙara sinadaran dofamin da noradirenalin a sashen gaba na ƙwaƙwalwa, inda tsara aiki da kame kai suke. Kamar gyara birkin mota ne: injin yana nan da ƙarfinsa, sai dai yanzu direba na iya tsayawa inda ya so. Akwai kuma atomoxetine, wanda Amurka ta amince da shi a 2002, ba mai zaburarwa ba ne, kuma yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa.

A ganina, hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga Suwidin, ƙasar da ke adana bayanan asibiti da na kotu da na haɗurra cikin tsari. Wannan ya ba masu bincike damar kwatanta mutum da kansa: watannin da yake shan magani da waɗanda ya ajiye shi. A 2012, Paul Lichtenstein da abokan aikinsa na Cibiyar Karolinska sun bibiyi mutum 25,656, suka tarar aikata laifi ya ragu da kashi 32 cikin ɗari ga maza da kashi 41 ga mata a lokacin shan magani. Zheng Chang ya bi irin wannan hanya da bayanan Amurkawa fiye da miliyan biyu a 2017, ya ga haɗarin mota ya ragu da kashi 38 ga maza da kashi 42 ga mata. Wani binciken na 2024 a kan mutum 148,578 ya nuna mutuwa ta ragu da kimanin kashi 19 cikin shekara biyu ga waɗanda suka fara magani. Irin wannan bincike ba ya tabbatar da cewa maganin kaɗai ne sanadi, amma sakamakon duk alƙibla ɗaya ya fuskanta, kuma maganar ta rai ce da iyali da sana'a.

Duk wanda ya ga ɓarnar da tiramol da kodin suka yi wa matasanmu zai ji tsoro idan aka ambaci amfetamin, kuma tsoron yana da tushe. Ana iya yin shaye-shaye da waɗannan magunguna, shi ya sa doka ta tsaurara a kansu. Sai dai bincike a Suwidin da Amurka ya nuna masu larurar da ke shan maganin bisa umarnin likita sun fi waɗanda ba sa sha kuɓuta daga shaye-shaye.

Maganin ba ya warkarwa, yana aiki ne muddin ana sha. Yana iya rage cin abinci, ya hana barci, ya ɗan ɗaga hawan jini da bugun zuciya. Don haka likitan ƙwaƙwalwa, irin waɗanda ke asibitocin tarayya na Kaduna da Kware da Maiduguri, zai fara tabbatar da cewa alamomin sun bayyana tun kafin shekara 12, ya auna jini, sannan ya soma da ƙaramin awo yana ƙarawa a hankali.