Augustus Longstreet: alƙali, ɗan jarida, kuma uban gidan da ya tsaya wa bauta a Amurka

Duk mai son fahimtar yadda masu ilimin kudancin Amurka suka ɗaure wa bautar da baƙar fata gindi a ƙarni na 19, tarihin Augustus Baldwin Longstreet da iyalinsa zai haska masa hanya.

An haife shi a shekarar 1790 a garin Augusta na jihar Jojiya. Ya yi karatu a jami'ar Yale, sannan ya koyi aikin lauya a Litchfield. A shekarar 1817 ya auri Frances Eliza Parke, kuma a 1822 aka naɗa shi alƙali.

Rasuwar ɗansa na fari a 1824 ta girgiza shi ƙwarai, har ta karkata shi ga addini, daga baya ya zama limamin cocin Methodist. Cikin ƴaƴa takwas da Allah ya ba su, mata biyu ne kawai suka girma.

A 1834 ya kafa jaridar State Rights Sentinel a Augusta, wadda ke kare ra'ayin cewa gwamnatin tarayya ba ta da hurumin tsoma baki cikin lamurran jihohi. Bayan shekara guda ya fitar da littafin Georgia Scenes, tarin labarun barkwanci kan rayuwar mutanen karkara, wanda shi ne ya yi masa suna.

Sai dai alƙalamin nasa bai tsaya ga raha ba. Longstreet ya mallaki bayi, ya kuma yi rubuce-rubuce yana kafa hujja da Littafi Mai Tsarki don halatta bauta. Ya shugabanci manyan makarantu huɗu, ciki har da Emory da jami'ar Misisipi, inda ra'ayinsa ya isa kunnen matasa masu yawa.

Tasirin ya fi bayyana a cikin gidansa. Ɗan ɗan'uwansa, James Longstreet, wanda ya tashi a hannunsa, ya zama babban janar na rundunar kudu a yaƙin basasar 1861 zuwa 1865. Surukinsa Lucius Lamar, mijin ƴarsa Virginia, shi ya tsara takardar ɓallewar Misisipi daga tarayya, kuma a 1888 ya zama alƙalin kotun ƙoli.

Longstreet ya rasu a garin Oxford na Misisipi a 1870, shekara biyar bayan haramta bautar da ya daɗe yana karewa.