Yadda kwamfuta ke hasashen tafiyar cutar rogo kafin ta iso Najeriya

Duk wanda ke zaune a Legas, Ibadan ko Fatakwal ya san idan garin kwaki ya yi tsada, kowa sai ya ji a jikinsa. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo, tan miliyan 60 ko kusa da haka a shekara. To akwai wata cuta da ke tunkaro wannan arziki daga gabashin Afirka, masana na ce mata CBSD. Tun shekarun 1930 aka san ta a Tanzaniya, amma sai a 2004 ta ɓarke a Yuganda, daga nan ta shiga Ruwanda, Burundi, Kwango da Zambiya. Ba a tabbatar da ɓullarta a Afirka ta Yamma ba tukuna.

Muguntarta ita ce ɓoyewa. Ganye na iya zama kamar lafiya lau, sai an tono rogon a tarar cikinsa ya ruɓe ya yi ruwan ƙasa, ba ya ciwuwa, ba ya sayuwa.

Masana a Jami'ar Kambirij ta Ingila, tare da takwarorinsu na Yuganda, sun ɗora lissafin yaɗuwarta a kan kwamfuta. Sun yanka taswira gida-gida ƙanana, kowane gida aka sa masa yawan rogon da ake nomawa da yawan farin ƙuda, ƙwaron da ke ɗaukar cutar daga wannan shuka zuwa waccan. Sai aka ce wa kwamfuta ta faro daga inda cutar ta ɓulla a Yuganda, a ga ko za ta bi hanyar da malaman gona suka riga suka rubuta shekara da shekara. Da lissafin ya dace da abin da ya faru, sannan aka sake shi ya yi gaba.

Ba duba ba ne, kuma ba sau ɗaya ake yi ba. Ana maimaitawa sau ɗaruruwa, a ga yankin da cutar ta fi yawan faɗawa, kamar dai hasashen ruwan sama. Amfaninsa shi ne a san inda za a tura masu bincike, tunda ba za a iya leƙa kowace gona ba.

Ga inda abin ya shafe mu. Farin ƙuda ba ya nisa da cutar. Doguwar tafiya mutum ne ke yi mata, domin karan rogo ake dasawa, kuma karan da ya kamu yana tsirowa da cutarsa. Dami ɗaya a bayan tirela na iya yin tafiyar da ƙwaro zai shekara da shekaru bai yi ba. Direbobinmu da 'yan kasuwa masu zirga-zirga ta Kamaru su kula: kada a ɗauko karan rogo daga wata ƙasa don an ce yana da auki. Mai son iri mai kyau ya nemi na cibiyar IITA a Ibadan ko cibiyar binciken rogo da doya ta Umudike a Jihar Abiya.