Yadda ƙwallon Osimhen ta rikiɗe ta zama fenareti

Ranar Laraba 7 ga Fabrairun 2024, a minti na 85 na wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Afirka a Bouaké, Victor Osimhen na Najeriya ya tura ƙwallo ragar Afirka ta Kudu. Biyu da nema ke nan. Duk wanda ya biya kuɗin benci a gidan kallo a Gurbin Bore ko Ƙaura Namoda ya san abin da ya biyo baya. Ana tsakiyar ihu, alƙalin wasa Amin Omar, ɗan Masar, ya dafe kunne, ya zana akwati a iska, ya nufi allon gefen fili. Da ya dawo sai ya soke ƙwallon, ya miƙa hannu can ɗaya gefen, ya ba Afirka ta Kudu fenareti. Teboho Mokoena ya buga, aka koma ɗaya da ɗaya.

To, me ya haɗa wannan raga da waccan?

Zargin farko satar gida ne. Bai tsaya da ƙafarsa ba, domin da ita ce, bugun tazara kawai za a bayar a inda aka yi laifin. Zargi na biyu shi ne na kullum a majalisa: an saye alƙali. Shi ma ya yi rauni, don mutumin nan ne ya ba Najeriya fenaretin da William Troost-Ekong ya ci a minti na 67.

Sai an mayar da hoton baya sannan bakin zaren ke fitowa. Kafin Najeriya ta taso da harin, Alhassan Yusuf, haifaffen Kano, ya kai ƙafa ya harɗe Percy Tau na Afirka ta Kudu a cikin da'irar Najeriya. Alƙali bai busa ba, ƙwallo ta wuce, idanunmu suka bi ta. Masu zaman ɗakin VAR, masu taimaka wa alƙali da hoton bidiyo, kuwa suka tsaya a kan ƙafar Alhassan.

Ƙa'idar da hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallo ta amince da ita a 2018 ta ba su damar sa baki a abu huɗu kacal: cin ƙwallo, fenareti, jan kati kai tsaye, da hukunta wanda ba shi ya yi laifi ba. Ba a kuma tsayar da wasa ana cikin hari mai haɗari. Idan ta tabbata fenareti ce, duk abin da aka gina a bayanta ya rushe. Ƙwallon Osimhen ba ta da aibi, tushenta ne ruɓaɓɓe. Da ciwo, amma a ganina hukuncin daidai ne. Allah ya taimaka mai tsaron ragar Najeriya Stanley Nwabali ya kaɗe biyu a bugun raba gardama, aka tashi 4 da 2.

Saura tambayar da ta fi cin rai: in dai na'ura na gani haka, me ya sa hukunci ke bambanta? Saboda na'urar hoto kawai take nunawa, mai yanke hukunci mutum ne, kuma an ce masa kada ya sauya sai kuskuren ya fito ƙarara. Abin da ya fito ƙarara ga wani, ga wani da sauran duhu.

Mun ɗanɗana wannan a Kofin Duniya na Rasha. Ranar 25 ga Yunin 2018 ƙwallo ta taɓa hannun Cédric Soares na Portugal, alƙali ya duba allo, ya ba Iran fenareti. Washegari a St. Petersburg, a wasa da Najeriya, Marcos Rojo na Ajantina ya sa kai, ƙwallo ta sauka a hannunsa cikin da'ira. Alƙali Cüneyt Çakır ɗan Turkiyya ya je allo, ya kalla, ya ce ba da gangan ba ne, a ci gaba. A minti na 86 Rojon nan ne ya ci ƙwallon da ta koro Najeriya gida.