Tutar Rasha da yaran da suka sume a kotu

Ranar 1 ga Nuwamban 2024 aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja kan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta. Da yawansu yara ne ƙanana, duk sun rame bayan wata uku a tsare, har huɗu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Cikin abin da ake zargin wasunsu da shi har da ɗaga tutar Rasha. An sake su bayan ƙasa ta ɗauki zafi, amma maganar da ta sa tutar ta yi farin jini tana nan. Zauna wurin mai shayi a Nyanya ko Gwagwa, za ka ji ana cewa shugaban Rasha, Putin, garkuwar Musulmi ne.

Hujjar da aka fi kawowa bidiyo ne: ga shi nan yana sumbatar Alƙur'ani a wani masallaci a Grozny cikin Agustan 2024. To, wannan Grozny ɗin, birnin Musulmin Checheniya, sojojin Rasha ne suka mayar da shi kufai a 1999 zuwa 2000, lokacin da Putin yake hawa mulki. Jiragensa ne kuma suka yi wa Aleppo ta Siriya luguden wuta a 2016. Masu tura bidiyon a WhatsApp ba sa haɗa shi da waɗannan hotuna.

Dubi yadda ake tallar yaƙin Yukiren. Shugaban cocin Rasha, Kirill, ya ce sojan da ya mutu a fagen daga an wanke masa zunubansa, kuma a Maris ɗin 2024 wani taro da ya jagoranta ya kira shi yaƙi mai tsarki. Ramzan Kadyrov na Checheniya kuwa jihadi ya kira shi. Aikin dillalin kara ke nan, ya rantse wa mai saniya, ya juya ya rantse wa mai saye, shi dai la'adarsa yake nema. Alhali a ɗaya ɓangaren akwai Musulmi 'yan ƙabilar Tatar na Kirimiya da ke yaƙi a rundunar Yukiren.

Haushin da mutanenmu ke ji game da Amurka yana da tushe. An ga Iraƙi a 2003, ana ganin Gaza. Ita ma Amurkar ta yi wannan wasa na fakewa da addini, ta ɗauki nauyin mujahidan Afganistan a shekarun 1980 don karya Tarayyar Sobiyet. A mikin wannan haushi farfagandar Rasha ke sa yatsa, shi ya sa take kama zuciya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne martanin hukuma. A lokacin zanga-zangar, babban hafsan tsaro na wancan lokaci, Janar Christopher Musa, ya fito daga taron tsaro a fadar shugaban ƙasa ya ce ɗaga tutar cin amanar ƙasa ne, aka bi telolin da ake zargi da ɗinka ta ana kamawa a Kano. Da wannan ƙarfi aka sa wajen yi wa jama'a bayani da Hausa, a rediyo da masallatan Juma'a, kan wane ne Putin, da an fi cin riba. Yaron da yunwa ta fito da shi titi, aka miƙa masa ƙyalle mai launi uku, bai san inda Mosko take ba, amma shi aka kai Abuja a kan tuhumar da hukuncinta kisa ne.